Awon Tela

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da ɗiyarki mai jego, da baƙuwar da Allah ya ba mu. Hotonta ya iso. Goggo ta kai shi bakin taga ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Wannan ai kumatu ne aka sa wa riga." Tun ranar Kumatu muke ce mata a gidan nan. Mu ma lafiya lau, sai godiya. Gwiwa ce kawai ke taɓa Goggo, amma bakinta ras yake.

Saƙonki ya zo, ƙananan kwalabe biyu da bayanin aikinku. Abin da na fahimta shi ne, likitocin da kike ɗibar musu jinin mutane suna bincike a kan mata irinmu da suka daina fashin salla. Suna son sanin me ya sa wata sai jiki ya taru mata a ciki, hawan jini da suga su biyo baya, wata kuma ta zauna yadda take. Kuma suna neman mata 'yan gida ɗaya don su duba ko abin yana cikin abin da mutum ya gado. Na kwana biyu ina juya maganar, ina tsoron kada ya zama leƙen abin da Allah ya ɓoye. Na tambayi malamarmu ta islamiyya, ta ce neman sanin ciwo don a nemi magani ba laifi ba ne. Sai na yi bisimilla na tofa yawuna a kwalbar. Goggo kuwa da farko rantsuwa ta yi, wai ita tun da take ba a taɓa aika yawunta wani gari ba. Da na ce ke kika roƙa, ta cika tata har tana neman zuba.

Awon ƙugun da kika ce in yi mana, na yi. Kin ce ba sai kin koya wa tela awo ba, gaskiyarki. Yana bayan takardar nan, nawa da na Goggo.

To, Auta, ga dalilin da ya sa na rubuta ban kira ki a waya ba. Maganar ta fi ƙarfin bakina. Rabonki da ganina tun ina wucewa tsakanin keken ɗinki da teburin yanka ba tare da na karkace ba. Yanzu sai da na matsar da teburin. Hoton da na aiko miki bara tsoho ne. Ban ce miki sabo ne ba, amma ban ce tsoho ne ba, kuma abin yana cina a rai. Tun da al'ada ta ɗauke mini jikina ya zama ba nawa ba. Goggo ta ce wai a shago nake ci a ɓoye, bayan labulen da mata ke gwada kaya. Allah ne shaidata abincina bai ƙaru ba. Na ƙara azumin nafila ina tsammanin ko haɗama ce ta shige ni ban sani ba, amma kullum rigunana sai ƙara matse ni suke yi.

Ina son in zo in ga Kumatu kafin ta fara rarrafe. Na ɗinka mata 'yan riguna, ina ta ninkewa ina warwarewa. Amma ina jin nauyin in shigo gidan surukanki a haka, a ce ga yayar da ake ta ba da labari. Ki duba awon nan ke kaɗai, ki gaya mini tsakaninki da Allah: in zo?

Ki gaida kowa, ki shafa mini kan jaririya.

Yayarki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mai jego ta warware, Kumatu tana ta tsotso kamar an aiko ta. A tsaye nake rubuta wannan, mata sun cika benci suna jirana.

Kwalaben sun iso lafiya, an kai su ɗakin gwaji, amma sakamakon zai ɗauki lokaci. Awon ne ya tayar mini da hankali. Na san kin ce in duba ni kaɗai, ki yafe mini, ban iya ba. Na kai wa babban likitanmu. Mutumin nan da ba ya mamakin komai sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tambaye ni ko kina ciwon kai, ko kina yawan jin ƙishi, ko numfashinki yana sama idan kin hau bene. Ban san amsar ko ɗaya ba, Yaya, kunya ta kama ni.

Kin tambaye ni ko ki zo. Da wannan jikin kada ki zo yanzu. Ki bari tukuna. Ki je asibiti a auna miki jini da suga da kitse, ki aiko mini da abin da suka ce. Kada ki ce sai kin gama ɗinkin mutane.

Ashe Goggo ma ta yi jiki haka? Ni na bar ta kamar tsinken tsintsiya. Me kike ba ta?

An kira ni. Sai na ji daga gare ki.

Autarki.

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Duk muna lafiya. Kumatu ta fara dariya da sauti, kuma ta fara riƙe wuyanta.

Shiru, Yaya. Wata ya shuɗe, wani ya kama, ban ga takardarki ba. Duk sanda na kira waya Goggo ce ke ɗauka, ta ce kina salla. Na kira da hantsi, kina salla. Na kira bayan la'asar, ta ce kina lazimi. Na kira ana tsakiyar aiki, kina salla. Na ce, "Goggo, sallar nan ta wane lokaci ce?" Ta ce, "Ki tambayi wadda kika ɓata wa rai, ni 'yar aike ce," ta kashe.

Na zauna na gaya wa ɗiyata abin da na rubuta miki, kalma bayan kalma. Ta ajiye jaririya ta dube ni ta ce, "Mama, mutum ya buɗe miki cikinsa ya ce in zo, ki ce da wannan jikin kada ki zo? Ko ni ce ba zan sake ɗaukar wayarki ba."

Yaya, wallahi ba haka nake nufi ba. Doguwar hanya nake tsoro, a ce jininki ya hau kina cikin mota, babu kowa naki a kusa. Ina ganin matan da ake kawo mana ranga-ranga, da safe lafiyarsu ƙalau. Wannan ne ya cika mini ido har na manta da abin da kika tambaya. Ke da kika goya ni, kika yi mini tsifa, kika ɗinka mini kayan makaranta da hannu kafin ki sami keke, ke zan ji kunyar nunawa? Ko ƙofar gidan ba ta ɗauke ki ba sai in sa a fasa bango.

Ga ƙunshi nan tare da takardar. Na kai awonki wurin wani tela da ke bayan asibitinmu, na zaɓi yadi ruwan ganye mai ƙananan furanni, irin wanda kike so. Na san kai wa tela ɗinki rashin kunya ne, amma ban san yadda zan ba ki haƙuri ba sai da yarenki. Ranar da likita ya ce ki taho, ita za ki sa.

Don Allah ki je asibitin. Don Allah ki amsa.

Autarki mai laifi.

*

Zuwa ga Auta,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ku. Muna lafiya. Na ji daɗin labarin Kumatu, Allah ya raya ta. Ki ce wa ɗiyarki Allah ya yi mata albarka, amma ta rage yi wa uwarta faɗa.

Zan fara da abin da ya fi nauyi. Takardarki ta farko ta yi mini zafi. Na karanta layin nan ban san iyaka ba, ban ga asibiti a cikinsa ba, ban ga mota ba, kaina kawai na gani a ƙofar surukanki ana kallona. Na mayar da rigunan Kumatu ƙasan akwati. Kuma maganar salla, Goggo ba ta yi miki ƙarya ba. Ba na so in sa tsohuwa ta faɗi abin da ba haka ba, don haka da na ga sunanki a waya sai in miƙa mata in shimfiɗa darduma in tayar da nafila. In lokacin ba na nafila ba ne in ɗauki carbi. Ban taɓa yawan ibada irin ta watannin nan ba, sai dai ina shakkar ladanta, don niyyar ba ta da kyau. Na yafe miki, ke ma ki yafe mini.

Yanzu maganar riga. Auta, ina rubutu ina share hawayen dariya.

Na buɗe ƙunshin a falo. Na kama kafaɗa ɗaya na ɗaga, yadi yana ta zuwa. Na miƙe tsaye, yana ta zuwa. Goggo tana kan kujerarta tana kallo, ta ce, "Labule ta aiko mana? Allah ya yi mata albarka, na ɗakina ya tsufa." Na ce riga ce. Ta ce, "Ta mutum nawa?"

Na shiga ciki na tsaya. Ko'ina iska. Sai Goggo ta ajiye sandarta, ta sunkuya da gwiwar nan tata da kullum take kuka da ita, ta ɗaga gefen rigar ta shigo. Ina jin ta tana yawo a bayana. Can sai ga kanta ya leƙo ta hannun riga, ta ce, "Akwai sauran wuri, a kira maƙwabciya." Maƙwabciyar kuwa dama dariyarmu ta jawo ta, ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ciki, har ɗankwalinta ya faɗi.

Da muka nutsu na shimfiɗa rigar a teburin yanka na sa tef. Ɗinkin mutumin nan ba shi da laifi, hannunsa mai kyau ne, ki gaya masa. Ya bi awon da aka ba shi ne, ya ƙara rarar da kowane tela ke ƙarawa. A nan na ajiye tef na zauna. Ai ni ma na riga na ƙara tawa!

Auta, tun da na fara ɗinki ban taɓa auna mace a fatarta ba. A kan kayanta nake aunawa, saboda kunya. Ban taɓa auna inda ya fi shiga ba, sai inda ya fi faɗi, don a nan riga ke kamawa. Ina sa yatsu huɗu a ƙarƙashin tef don mutum ya sami wurin numfashi da zaman tahiya. Sannan in ƙara na ɗinki, in ƙara na wanki, don yadi yana shiga ruwa ya tsuke. Hannuna ne ke yi, ba na ma sani. Ranar da na auna mu kuwa da sanyi, ina da zane biyu da rigar sanyi, Goggo ma haka. Wannan ne jikin da kika ce Goggo ta yi. Tana nan yadda kika bar ta.

Washegari na tafi asibiti. Na gaya wa nas ɗin abin da ya faru, ta yi dariya har ta kira abokiyar aikinta. Ta ja labule, ta ce in ɗaga riga. Na ce a fata? Ta ce a fata, Hajiya. Na rufe ido. Ta zagaya tef daidai wajen cibiya, ta ce in saki numfashi kada in riƙe. Ina ji a jikina tef ɗin ya kama ni babu ko yatsa ɗaya, na ce, "'Yata, wannan rigar ba za ta shiga ba." Ta ce, "Mu ba riga muke ɗinkawa ba."

Awon ya sauko sosai, amma ba zan ɓoye miki ba, likita ya ce duk da haka ya wuce inda ake so. Jinina ya ɗan hau. Suga bai shigo ba amma yana bakin ƙofa, kitsen jini ma ya ɗan yi yawa. Ya ce su ukun nan da teɓa abokan tafiya ne, in an ga ɗaya a nemi sauran. Ya ba ni ƙwaya ta safe, ya ce in rage gishiri da sukarin shayi, in riƙa tafiya da ƙafa. Ya hana ni yawan azumin nan har sai na koma. Takardarsa tana cikin ambulan ɗin nan. Ba don tsoron da kika ji ba, da ban je ba. Na ga wannan ma.

Yayarki.

*

Yaya ta kaina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah! Lafiyarmu ƙalau, sai dai ciwon haƙarƙari da kika jawo mana. Na karanta takardarki a ɗakin hutunmu, na zo wurin da Goggo ta leƙo ta hannun riga, shayi ya sarƙe ni. Sai da na karanta wa kowa wannan wurin, shi kaɗai, sauran sirrinmu ne. Babban likita ya yi dariya, sannan ya ce laifinmu ne, ya kamata duk wanda aka ce ya yi awo a gaya masa yadda ake so, ko da tela ne. Na ce musamman ma tela. Na je na gaya wa mai ɗinkin. Ya ce shi ma da ya ga awon ya yi salati, amma ya ga ba huruminsa ba ne ya tambayi girman yayar mutane.

Likitan ya duba takardar asibitinku ya ce alhamdu lillahi an kama abin da wuri. In kin riƙe magani jinin ya zauna, babu abin da zai hana ki tafiya.

Sakamakon yawu ya fito, kuma da yake ni na kawo kwalaben, an gaya mini. Bari in faɗa miki yadda na fahimta. A jikin kowa akwai ƙwayoyin gado da ya samo daga uwa da uba, kuma ba a samun mutum biyu da nasu ya zo daidai ta ko'ina, ko da ciki ɗaya suka fito. Ɗan bambanci ne ƙanƙane, amma a wasu yana sa jiki ya fi son ajiye kitse. A shekarun da mace take al'ada abin yakan yi kwance. Idan ta ɗauke, sai jiki ya sauya inda yake ajiya, ya koma ciki. A cikin waɗanda suke dubawa an sami irin wannan a naki. Ba a samu a na Goggo ba. Likitan ya ja mini kunne in gaya miki cewa ba hukunci ba ne, kuma ba shi kaɗai ke aiki ba, abinci da zama wuri ɗaya da shekaru duk suna da hannu, su ma kansu har yanzu bincike suke yi. Amma ya ce mace biyu za su ci kwano ɗaya, ɗaya ta ƙaru ɗaya ba ta ƙaru ba. Ba haɗama ba ce, Yaya. Ki daina tuhumar kanki.

Saura ɗaya. Ni ma na tofa a kwalba, kuma an sami abin a nawa, irin naki sak. Tawa al'adar ta ɗauke bara waccan. Ba ki lura duk hotunan da nake aiko miki daga kafaɗa zuwa sama ba ne? Rigar aikina sau biyu ana sauya mini. Da kika rubuta kina jin nauyin shigowa gidan surukaina, ni ina nan ina tunanin yadda zan tare ki a tasha ki gan ni. Goggo ƙanwar Baba ce, don haka ina zargin ta wajen Inna muka kwaso, ko da yake likitan ya ce ba zai rantse ba. Kin tuna Inna a shekarunta na ƙarshe, Allah ya jiƙanta?

Ki zo, Yaya. Kumatu ta fara zama, an kewaye ta da matasai.

Autarki.

*

Zuwa ga ƙanwata, abokiyar gadona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, mu ma haka. Na koma asibiti, jinin ya zauna, likita ya ce in tafi Allah ya tsare, in dai ba zan manta ƙwayata ba, kuma in riƙa sauka ina miƙe ƙafa duk inda mota ta tsaya.

Na karanta wa Goggo bayaninki a hankali. Da na zo wurin da kika ce ta wajen Inna ne, ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Na faɗa! Mu gidanmu ba a ƙiba." Na ce, "Goggo, ba haka kika faɗa ba, cewa kika yi ina ci a bayan labule." Ta ce ita ba ta tuna ba. Ba ta ba ni haƙuri ba, kin san ta. Amma da safe na tarar ta ɗauke gwangwanin sukari ta kai ɗakinta ta kulle, kuma ita ma haka ta sha nata shayin, tana yamutsa fuska tana cewa ya fi daɗi. Yanzu kullum bayan la'asar sai ta kore ni in zagaya unguwa. Maƙwabciya ta bi ni, sai matar mai kanti, yanzu mun zama ayari. Ba ma sauri sosai, hira ta fi tafiyar yawa, amma muna zufa.

Rigar kuwa na farke ta. Ta ba ni riguna biyu, tawa da taki, har da ɗan abin da ya isa Kumatu. Taki ban haɗa gefenta ba tukuna, sai na zo na auna ki da hannuna. Awon tela zan yi miki, kada ki ji tsoro.

Kin tambaye ni ko na tuna Inna. Auta, na daɗe ba na tsayawa gaban dogon madubin shago, in zan wuce sai in kau da kai. Ranar da takardarki ta zo, bayan mata sun watse, na je na tsaya. Na daɗe a wurin. Kafaɗun nata ne, damtsen nata ne, har yadda take dafa ƙugu in ta gaji. Jikin da muke rige-rigen kwanciya a kai muna yara, ke ki kama cinya ni in kama baya, shi ne Allah ya ba ni, ni kuma ina ta jin kunyarsa. Na yi mata addu'a, na yi istigfari, na rufe shago.

Zan taso ranar Asabar in Allah ya yarda, motar safe. Maƙwabciya za ta kwana da Goggo. Idan kin zo tasha kada ki wahalar da idonki kina neman yayarki siririya. Ki tsaya kawai har ki ga Inna ta dafa ƙofar mota ta sauko a hankali tana gyara mayafi. Kada ki yi mini kuka a gaban mutane. Ki zo ki karɓi jaka.

Yayarki.